Tambaya da Amsa: Rubutun Ra'ayi da Guntun Labarin Rayuwa

Wasiƙun da suka taru a wannan wata sun karkata ga abu guda, wato rubutun da ake yi da nufin jawo mai karatu ya sake tunani, ko ta hanyar muƙalar ra'ayi ko ta hanyar ba da wani guntun labari daga rayuwar marubucin. Na zaɓi biyar daga cikinsu, na taƙaita tambayoyin ba tare da na taɓa ma'anarsu ba, kuma kamar yadda muka saba a wannan fili ban ambaci sunan kowa ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makaranta ne, kuma na kai shekara uku ina rubuta muƙaloli a kan a daina dukan yara a aji. Duk wadda na fitar, waɗanda ra'ayinmu ya zo ɗaya sukan yaba, waɗanda muka saɓa kuma ko su yi shiru ko su mayar mini da baƙar magana. Ban taɓa jin wanda ya ce rubutuna ya sa ya ajiye bulala ba. Na haɗo maka guda uku ka duba mini inda matsalar take.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Na karanta muƙalolin nan uku, kuma zan faɗa maka abin da na gani ba tare da ɓoye-ɓoye ba, domin na lura da gaske kake yi. Alƙalaminka yana da kaifi, hujjojinka ma ba su da laifi, amma duka ukun ka rubuta su ne domin mutanen da tun farko suna tare da kai. A sakin layi na biyu na muƙalar farko ka kira malaman da ke riƙe bulala "marasa tausayi waɗanda zamani ya bari a baya". To, ka ɗauka malamin da kake so ya ajiye bulalar shi ne yake karantawa. Daga wannan jimla ya daina sauraronka, ya koma neman abin da zai kare kansa da shi, duk hujjar da ka jero bayan nan kuma ta zama zuba ruwa a rariya.

Tun a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin nan na Girka, Aristotal, ya bayyana cewa abubuwa uku ne ke sa mai sauraro ya gamsu da magana: halin mai maganar kamar yadda ya bayyana a cikin maganar tasa, da abin da maganar ta motsa a zuciyar mai sauraro, da kuma ƙarfin hujjar ita kanta. Yawancin masu rubutun ra'ayi sukan zuba ƙarfinsu a na biyu da na uku su bar na farko, alhali ta nan ake shiga. Mai karatu bai san ka ba, ba ya ganin fuskarka, kuma ba shi da ma'aunin da zai gwada adalcinka da shi sai yadda ya ga ka bi da wanda kake jayayya da shi. Idan ya ga ka tauye abokin jayayyarka, zai ɗauka cewa alƙaluman da ka kawo ma ka tauye su.

Saboda haka ka zauna ka tambayi kanka abin da malamin nan mai bulala yake gani wanda ya hana shi yarda da kai. Ba mugunta ce ta sa yawancinsu suke riƙe da ita ba. Wani yana tsaye ne shi kaɗai a gaban yara masu yawa, yana tsoron cewa ranar da ya ajiye ta aji zai fi ƙarfinsa. Wani an dake shi yana yaro, ya girma ya zama mutumin kirki, yana kuma ganin cewa sukar duka suka ce ga malaman da suka rene shi, waɗanda har yau yake yi wa addu'a. Wani kuma iyayen yaran ne suke ganin sakacinsa idan bai hukunta ba. Waɗannan dalilai ne na gaske, kuma muƙalolinka uku ba su ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba. Ka kawo mafi ƙarfi a cikinsu, ka faɗe shi yadda mai shi zai karanta ya ce lallai haka nake nufi, sannan ka amsa shi. Musamman na farkon yana buƙatar amsa a aikace, domin wanda ka ce ya saki abin da ke hannunsa yana da haƙƙin ka nuna masa abin da zai riƙe a madadinsa ranar Litinin da safe.

Akwai binciken da ya daɗe yana ƙarfafa wannan hanya. A shekarar 1945, masanin halayyar ɗan Adam Carl Hovland da abokan aikinsa sun gwada saƙo iri biyu a kan sojojin Amurka, dukansu suna cewa yaƙi da Japan zai daɗe. Saƙo ɗaya ya kawo hujjojin ɓangare guda kawai, ɗayan kuma ya haɗa da hujjojin masu ganin yaƙin zai ƙare da wuri. Sakamakon da suka buga a 1949 ya nuna cewa saƙo mai ɓangare ɗaya ya fi tasiri ga waɗanda dama sun yarda, mai ɓangare biyu kuma ya fi sauya ra'ayin waɗanda tun farko suke adawa. Wannan shi ne hoton abin da ke faruwa da kai, kana ƙara wa masoyanka yaƙini, waɗanda kake nema kuma ba ka isa gare su ba.

Ina so kuma ka nemi wasiƙar da Martin Luther King, malamin Kirista kuma jagoran neman 'yancin baƙar fata, ya rubuta daga kurkukun Birmingham ta Amurka, mai ɗauke da kwanan wata 16 ga Afrilu, 1963, ka karanta ta a matsayinka na ɗalibin rubutu. Amsa ce ga wasu malaman addini takwas, fararen fata, waɗanda suka buga sanarwa cewa zanga-zangar neman 'yancin baƙar fata ba ta dace da hikima ba kuma ba lokacinta ba ne. Yana tsare a kurkuku, yana da kowane dalili na fushi, amma ya kira su abokan aikinsa, ya ɗauka cewa da kyakkyawar niyya suka yi magana, sannan ya ɗauki hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya ya warware. Bai sassauta matsayinsa ko kaɗan ba, hasali ma ya faɗa musu maganganu masu zafi, sai dai ya faɗe su ne bayan ya nuna musu cewa ya ji abin da suka ce.

Kafin ka fitar da muƙala ta huɗu, ka ba abokin aikinka da ka san yana riƙe da bulala sakin layin da ka bayyana ra'ayinsa a ciki, ka tambaye shi ko ka yi masa adalci. Idan ya ce ba haka yake nufi ba, ka koma ka gyara har sai ya amince, tukuna ka rubuta martaninka.

TAMBAYA: Malam, an koya mana a makaranta cewa marubuci ba ya cewa "ni", sai dai ya ce "ana ganin cewa" ko "masana sun ce". Idan na saka labarin kaina a muƙala, ba zai zama yabon kai ba?

AMSA: Ɗan'uwa, wannan ƙa'ida ta rahoton labarai ce da rubutun bincike, inda ake so mai rubutu ya ja jikinsa gefe. Muƙalar ra'ayi kuwa sunanka ne a samanta, kuma "ana ganin cewa" sau da yawa mafaka ce ta wanda ba ya so a kama shi da maganarsa. Idan kai ne kake gani, ka ce kai ne. Idan masana ne suka ce, ka faɗi wane masani, a wace shekara.

Yin hujja da labarin kai tsohuwar hanya ce da manyan malamai suka bi. Agustin, malamin Kirista na Arewacin Afirka, ya rubuta labarin ɓatansa da tubansa wajen shekara ta 400. Imam Al-Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rubuta a ƙarshen rayuwarsa yadda shakka ta kama shi har ya bar kujerar koyarwarsa a Bagadaza a 1095, kuma ya yi haka ne domin ya nuna wa mai karatu hanyar da yake ganin ita ce ta kai wa ga yaƙini. Abin lura shi ne dukansu biyu sun ba da labarin rauninsu ne. A nan bambancin yake. Labarin da marubuci ya fito a cikinsa shi ne mai gaskiya tun daga farko, kowa kuma yana kuskure, shi ne yabon kai, kuma mai karatu yana shinshino shi tun daga layin farko. Labarin da ya nuna abin da ka ɗauka a da, da abin da ya same ka, da yadda ka sauya, yana ba mai karatu damar ya sauya tare da kai ba tare da ya ji an kunyata shi ba. Ga ma'auni mai sauƙi: ka cire labarin ka karanta muƙalar. Idan hujjarka ba ta rasa komai ba, to domin kanka ka saka shi, sai ka bar shi a waje.

TAMBAYA: Malam, mahaifiyata ta rasu shekara huɗu da suka wuce, bayan wani dare da muka kwana a wani asibiti babu isassun ma'aikata. Ina so in rubuta labarin wannan dare domin a ƙara ma'aikatan dare a asibitoci. Na aiko maka da shafi shida da na rubuta. Damuwata biyu ce. Ta farko, ban san ko labarin mutum ɗaya ya isa hujja ba. Ta biyu, wasu maganganun da aka yi a daren ban tuna su daidai ba, kuma wata ƙawata ta ce ba laifi in cike gurbin da abin da ya dace, tunda manufar mai kyau ce.

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya jiƙan Mama, ya ba ku haƙurin rashinta. Na karanta shafukan nan shida sau biyu, kuma ina ganin kina da abin da ya kamata jama'a su ji.

Bari in fara da abin da ba ki tambaya ba. Kin buɗe da cewa: "Babu shakka harkar lafiya tana cikin mawuyacin hali, kuma kullum marasa ƙarfi ne ke ɗanɗana kuɗarsu." Gaskiya ce, amma wanda bai taɓa taka ƙofar asibiti ba ma zai iya rubuta ta, kuma mai karatu ya ji irinta har ta daina taɓa shi. Abin da ke kaɗai za ki iya rubutawa yana can a shafi na huɗu, inda kika ce: "Nas ɗaya ce a ɗaki mai gado 22. Da ta sa wa Mama ƙarin ruwa sai ta duba ta ga babu ƙarfen da za a rataya ledar, ta miƙo mini ta ce in ɗaga ta sama, kada hannuna ya sauko. Idan dama ta gaji in mayar hagu, a haka na tsaya har gari ya fara wayewa." Da wannan za ki buɗe. Babu kalmar zargi ko ɗaya a cikinsa, ba ki ce wa mai karatu ya ji tausayi ba, amma duk wanda ya karanta sai ya ji nauyin ledar nan a hannunsa. Ki lura kuma cewa nas ɗin ba ta fito a matsayin mai laifi ba, ta fito ne a matsayin mace ɗaya da aka ɗora wa aikin mutum da yawa, wanda shi ne ainihin abin da kike so a gyara. A shafi na biyar kin juya kin zarge ta da rashin kulawa, kuma ina ba ki shawara ki sake duba wannan wuri, domin yana karo da abin da idonki ya gani.

Tambayarki ta farko kuwa, amsarta ita ce labarin mutum ɗaya shaida ce a kan abin da ya faru a dare ɗaya a ɗaki ɗaya. Aikinsa shi ne ya tsayar da mai karatu, ya sa ya damu da sanin sauran. Amma jami'in da ba ya son sauyi zai iya cewa tsautsayi ne na rana ɗaya, kuma labarinki shi kaɗai ba zai iya ƙaryata shi ba. Saboda haka bayan kin tsayar da mai karatu sai ki ba shi abin da ya fi darenki faɗi: ma'aikata nawa ƙa'ida ta ce a ajiye a irin wannan ɗaki da dare, nawa ake ajiyewa a zahiri, me ma'aikatan da kansu suke cewa, kuma me hukumar ta ce da kika tambaye ta. Ki tambaye ta a rubuce, ki buga amsarta ko da ba ta yi miki daɗi ba, idan kuma ba ta amsa ba ki faɗi ranar da kika tura tambayar. Haka King ya yi a wasiƙar da na ambata a sama. A tsakiyar hujjojinsa na doka da na addini ya kawo yadda uba yake rasa abin da zai ce wa 'yarsa mai shekara shida idan ta tambayi dalilin da ya sa ba za ta je wurin wasan yara da ta gani a talabijin ba. Layuka kaɗan ne, kuma hujja ce a gabansu hujja ce a bayansu.

Tambaya ta biyu ita ce mafi nauyi, kuma ban yarda da ƙawarki ba. Da farko ki sani cewa rashin tunawa daidai ba aibinki ba ne, haka ƙwaƙwalwar ɗan Adam take. A 1974 masana halayyar ɗan Adam Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa ɗalibai hoton bidiyo na haɗarin mota, sannan suka tambaye su gudun motocin, wasu da kalma mai nuna mummunan karo, wasu da kalma mai sauƙi. Bayan mako guda aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Cikin 50 da aka yi wa tambaya da kalma mai zafi, 16 suka ce sun gani, cikin 50 na kalma mai sauƙi kuma 7 ne kawai, alhali babu gilashin da ya fashe a hoton. Haka kuma washegarin tarwatsewar kumbon Challenger na Amurka a ranar 28 ga Janairu, 1986, wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Ulric Neisser ya sa ɗalibai sun rubuta inda suke da yadda suka ji labarin. Bayan shekara biyu da rabi aka sake tambayar 44 daga cikinsu, kashi ɗaya bisa huɗu suka ba da labarin da bai dace da rubutunsu na farko a komai ba, kuma da yawansu suna da cikakken yaƙini a kan sabon labarin. Idan haka ta faru da labarin da mutum ya ji daga nesa, ina ga daren da ya kwana cikin firgici, ya kuma shekara huɗu yana maimaita shi a zuciyarsa?

Abin da wannan ke nufi gare ki shi ne ki rarrabe abu uku a rubutunki, ki kuma bar mai karatu ya ga rarrabewar: abin da kika tabbatar, abin da kika tuna ma'anarsa ba lafazinsa ba, da abin da wani ya faɗa miki. Na farko ki bincika shi. Ki duba katin asibiti, ki duba saƙonnin wayar da kika tura a daren domin suna ɗauke da lokaci, ki tambayi ƙanenki da kika ce yana wurin, ki kuma koma ki ƙirga gadajen nan idan da hali, domin idan suka zama 18 wanda ke neman kuskurenki zai fara daga nan. Na biyu ki rubuta shi ba tare da alamar zance ba, ki ce "ta faɗa mini abin da ma'anarsa ita ce likita ba zai zo ba sai da safe". Na uku ki jingina shi ga mai shi. Jimla irin "ban tuna ko ƙarfe biyu ne ko uku ba" ba ta rage miki komai, tana ƙara sa mai karatu ya amince da abin da kika ce kin tuna.

Ƙirƙirar abin da bai faru ba kuwa, ramin ƙarya ƙurarre ne. James Frey, marubuci Ba'amurke, ya buga labarin rayuwarsa a 2003 a kan shaye-shaye da yadda ya rabu da shi, ya sayar da miliyoyin kwafi, mutane da yawa kuma suka ce ya ba su ƙarfin guiwa. A watan Janairu na 2006 aka gano cewa ya ƙara gishiri a wurare da dama, har da zaman kurkuku na kusan wata uku da ya ce ya yi alhali 'yan sa'o'i ne aka tsare shi. Ya amsa laifinsa a talabijin, kamfanin da ya buga littafin ya yi tayin mayar wa masu saye kuɗinsu, abin da ke gaskiya a labarin kuma ya nutse tare da ƙaryar. Ke kuma abin da za ki rasa ya fi suna. Idan aka kama jimla ɗaya ta ƙirƙira a bakin nas ɗin nan, za a yi amfani da ita a share ledar da kika riƙe har wayewar gari, kuma ƙarin ma'aikatan da kike nema shi zai biya kuɗin.

TAMBAYA: Ɗana, ni dattijo ne da ya yi ritaya bayan shekara 35 yana aiki. Ina rubuta 'yan guntayen labarai na rayuwata. Akwai wani shugaba da ya zalunce mu a wurin aiki, akwai kuma wani wana da muka yi shekaru ba ma magana. Dukansu suna raye. Shin in ambaci sunayensu ko in ɓoye?

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mutanen nan biyu ba hukuncinsu ɗaya ba, kuma zan so ku raba su.

Shugaban ya riƙe amanar jama'a, saboda haka abin da ya yi da wannan amana ya shafi kowa. Amma ambaton suna yana da farashi, kuma ya kamata ku san shi kafin ku biya. A ranar 13 ga Janairu, 1898, marubucin Faransa Emile Zola ya buga buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugaban ƙasa a shafin farko na jaridar L'Aurore, yana kare Alfred Dreyfus, hafsan soja Bayahude da aka yanke wa hukunci a 1894 bisa zargin ƙarya na miƙa wa Jamus asirin soja. Zola ya ambaci manyan hafsoshi da sunayensu, amma sai da ya bi diddigin shari'ar dalla-dalla kafin ya jero zarge-zargensa a ƙarshe, kuma ya faɗa a cikin wasiƙar cewa ya san yana jefa kansa ƙarƙashin dokar ɓata suna. Haka kuwa aka yi, a watan Fabrairu aka yanke masa ɗaurin shekara guda da biyan tara, ya gudu Ingila, kuma ya rasu a 1902, shekara huɗu kafin a wanke Dreyfus a 1906. Yana da gaskiya, duk da haka ya sha wuya. A dokokin ƙasashe da dama wanda ya buga zargi shi ake nema ya tabbatar da shi a kotu. Idan kuna da takardu da shaidun da za su tsaya, ku nuna wa lauya rubutun kafin a buga. Idan ba ku da su, ku ba da labarin abin da aka yi muku ba tare da suna ba, ku kuma sani cewa sauya suna kaɗai ba ya wadatarwa muddin muƙami da shekara suna nuna mutumin.

Wanku kuwa bai riƙe amanar jama'a ba, kuma ba shi da shafin da zai mayar da martani a ciki. Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta a Amurka, ya buga labarinsa a 1845 ya ambaci iyayengijinsa da garuruwansu, domin ana shakkar cewa ya taɓa zama bawa, har hakan ya sa ya bar ƙasar na wani lokaci gudun kada a kama shi. Amma ya ƙi bayyana yadda ya tsere, ya kuma faɗa wa mai karatu a fili cewa ya ɓoye ne domin kada ya jefa waɗanda suka taimake shi cikin haɗari ko ya toshe hanyar ga waɗanda ke baya, bai buga wannan sirri a rubuce ba sai a 1881. Ku ma kuna iya cewa akwai abin da ya shiga tsakaninku da ɗan'uwanku wanda ba za ku shimfiɗa a takarda ba. Idan kuma labarin ba zai tsaya ba sai da shi, to ku rubuta naku rabon laifin da irin tsananin da kuka rubuta nasa, sannan ku aika masa ya karanta kafin kowa ya gani.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce, na tura muƙala sau huɗu zuwa jaridu ba a buga ba, ba a kuma ba ni amsa ba. Wadda na haɗo maka kalma 2,300 ce.

AMSA: Ƙanwata, tsawon ne ya fara kayar da ke. Shafin da jaridu ke ware wa marubuta daga waje, wanda jaridar New York Times ta yi fice da shi tun daga watan Satumba na 1970, galibi yana ɗaukar kalma 600 zuwa 900 ne, kuma editan da ke da tarin wasiƙu a gabansa ba zai zauna ya rage miki kalma 1,400 ba. Muƙalarki tana ɗauke da batutuwa uku, tsadar karatu da ƙarancin ɗakunan kwana da jinkirin fitar da sakamako. Na ukun ne kika fi sani, domin a nan ne kika faɗi yadda kika rasa gurbin aiki saboda takardar da ba ta fito ba. Ki ɗauke shi shi kaɗai, ki ajiye sauran biyun domin wani lokaci. Ki rubuta abin da kike so a yi a jimla ɗaya, ki faɗi wanda ke da ikon yin sa, ki tabbata wannan jimla ta bayyana kafin ƙarshen sakin layi na biyu. Ki tura ta a makon da ake maganar batun, a cikin jikin saƙon imel, tare da layi biyu da ke bayyana ko ke wace ce da abin da ya haɗa ki da maganar. Ki tura wa jarida ɗaya a lokaci guda, idan kuma mako ya wuce ba ki ji komai ba, ki sanar da editan cewa kin janye ta, sannan ki aika wa ta gaba.